Kunamar Tsohuwar Bindiga: A Sassauta Ta Ko A Bar Ta Da Taurinta?

Tsakanin maharba akwai gardamar da ba ta tsufa, kuma yadda ake yin ta a Kiru da Doguwa haka ake yin ta a ƙauyukan Amurka. Wannan ya ce shi bai ga amfanin bindiga mai taurin kunama ba, don kafin ka gama ja hancinta ya kauce, nama ya shige duhuwa. Wancan ya ce kunamar da ke tashi da ɗan shafa ai ajali ne mutum ya rataya a kafaɗa. A can gardamar ta haifi masana'antu, har akwai kamfanonin da suka kafu a kan ƙera sababbin kunamu don tsofaffin bindigogin yaƙi. A nan kuwa maganar a bakin maƙera take ƙarewa, inda magagari ke yanke hukunci. A ganina, taurin nan da ake ƙorafi a kansa da gangan aka sa shi a mafi yawan lokuta, kuma kudancin Kano na cikin wuraren da suka fi buƙatarsa. Sai dai masu son sassauci ba su rasa hujja ba, kuma ya kamata a saurare su.

Aikin kunama saki ne kawai. Idan aka ɗana bindiga, akwai sifirin da aka danne, yana neman ya wurga allura ko 'yar guduma ta bugi gindin harsashi. Abin da ya tare shi wani ɗan haƙorin ƙarfe ne da ya kama wani haƙorin, jan kunama kuma shi ne zare wannan daga wancan. Duk yaron da ya taɓa ɗana wa gafiya tarko ya san sirrin: in tsinken ya shiga da zurfi, gafiya ta cinye abincin ta yi tafiyarta tarko bai faɗa ba, in kuwa a kan leɓe aka ɗora shi, iska ma ta isa ta kada shi, ko ya kama yatsan mai ɗanawa. Abin da mai harbi ke ji a yatsansa abu uku ne: nauyin ja, da tsawon tafiyar kunama kafin bindiga ta tashi, da kuma ko tafiyar tana da santsi ko gurzawa take. Dukansu daga haɗuwar haƙoran nan biyu suke fitowa, tare da ƙarfin sifirin. A yawancin bindigogin farauta na zamani zurfin wannan kamu bai kai milimita 1 ba.

Masu ƙera wa sojoji bindiga sun san haka, shi ya sa suka zaɓi zurfi. Ɗauki Lee-Enfield ta Ingila, mai cin harsashi 10 na .303, wadda aka ƙera sama da miliyan 17 nata. Ita ce kakanninmu suka ɗauka a rundunar Afirka ta Yamma, suka shiga da ita dazuzzukan Bama a runduna ta 81 da ta 82 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ita ce kuma dattawa ke tunawa a hannun 'yan sanda da sunan Mak 4. Kunamarta hawa biyu ce. Da farko za ka ja ta taho da ɗan sauƙi, sai ta tsaya cak. Daga nan sai ka ƙara ƙarfi, kimanin kilo 2.5 zuwa 3, sannan ta tashi. Hawa na farko shi ke cinye mafi yawan zurfin kamun, na biyu ya ƙarasa ɗan abin da ya rage. Hikimar ita ce, muddin yatsa bai hau kunama ba haƙoran suna riƙe da juna sosai, ko da bindigar ta faɗi daga mota ko an buga gindinta a ƙasa wajen fareti. Mauser ta Jamus ta 1898 da Springfield ta Amurka ta 1903 duk a kan wannan tsari suke. An yi su ne don saurayin da aka ɗauko daga gona, aka ba shi horon 'yan watanni, aka jefa shi cikin taɓo, ga gajiya ga tsoro, ga abokansa a gaba da baya. Yatsan mai tsoro ba ya san awo.

Akwai wani labari a tarihin wannan bindiga da ya kamata duk maharbin ƙasar nan ya sani. A samfurin farko na nau'inta da ake kira Lamba 4, an rataye kunamar ne a jikin ƙarfen da ya kewaye ta, shi kuma ƙarfen a kan katako yake zaune. In katako ya sha danshi ya kumbura, ko ya bushe ya motse, sai wurin zaman kunama ya ɗan gusa, jan ya canza. Turawan Ingila sun ga wannan matsala, a 1949 suka fito da samfuri na biyu inda suka mayar da kunamar jikin uwar ƙarfen bindigar, suka kuma riƙa juya tsofaffin zuwa sabon tsari a masana'antunsu. To in katakon da aka busar da ilimi a Turai yana wannan wasa, ina ga ƙotar da aka sassaƙa a ƙauye, wadda za ta sha ruwan Agusta a gindin duwatsun Riruwai, ta zo ta sha busasshiyar iskar hunturu a Janairu? Kunamar da aka daidaita da damina ba lalle ta zama ita ce a hannunka da rani ba. Mutanen Finland ma sun gyara kunamar Mosin-Nagant ta Rasha da suka gada, a samfurinsu na 1939. Wato sojoji da kansu suna gyaran kunama. Amma a masana'anta suke yi, da ma'auni, da mai duba aikin mai gyara.

Kasuwar canjin kunama ta samo asali ne daga ƙarshen yaƙi a 1945. Ƙasashe suka wayi gari da miliyoyin bindigogin da ba su da sauran buƙata, 'yan kasuwa irin su Samuel Cummings na kamfanin Interarms suka riƙa sayen su jirgi-jirgi suna kai wa Amurka, ana sayarwa da arha har ta gidan waya. Da irin wannan ciniki ne Lee Harvey Oswald ya sayi tsohuwar Carcano ta Italiya kan ƙasa da dala 20, wadda hukuma ta ce da ita ya kashe Shugaba Kennedy a 1963. Dokar Amurka ta 1968 ta toshe shigo da rarar makaman soja, aka sake sassautawa a 1984 ga waɗanda ake ɗauka kayan tarihi ne. Talakan Amurka da ba shi da kuɗin sabuwar bindigar farauta sai ya sayi ta soja, ya rage katakon, ya ɗora mata madubin hange. Da madubi ya hau sai aibin kunama ya bayyana, domin mai duban barewa daga mita 200 yana ganin yadda saiti ke rawa yayin da yake ja. A 1946 Allen Timney ya fara ƙera kunamu na musamman don irin waɗannan bindigogi, kamfanin da ke ɗauke da sunansa kuma yana nan har yau a jihar Arizona. Abin da suke sayarwa ɗan akwatin ƙarfe ne da haƙoransa da sifirinsa a ciki. A cire na soja a sa shi, jan ya koma hawa ɗaya, nauyinsa ya sauko zuwa wajen kilo 1.5 ko ƙasa da haka.

Ba a musun cewa yana aiki. Wanda ya kafa bindiga a kan benci yana harbin takarda zai ga harsasansa sun fi taruwa wuri guda. Amma su kansu masu abin sun san kuɗin da ake biya. Na farko, makullin bindiga, wato sefti, an auna shi ne da tsohuwar kunama. A Mauser, misali, makullin yana ɗan ja da allurar baya ne ya raba ta da haƙori. In sabuwar kunama ta canza wurin da allurar ke tsayawa, ana iya samun makullin da ya ƙi shiga, ko wanda ya fi muni, bindigar da ke tashi da zarar an buɗe makulli. Shi ya sa ko a can ake cewa a kai wa ƙwararre ya sa, ya gwada. Na biyu, kunamar soja a buɗe take, ƙasa ta shiga ta fita. Ɗan akwatin nan kuwa yana tara ƙura da busasshen mai a inda ido ba ya gani. Na uku kuma na aljihu ne: bindigogin da aka yanka aka gyara a shekarun 1950 yau su ne marasa daraja a wurin masu tara kayan tarihi, waɗanda aka bari yadda suka fito daga bariki su ke tsada.

Wanda yake zaton aikin masana'anta ba ya kuskure, ya dubi abin da ya faru da Remington 700, ɗaya daga cikin bindigogin farauta da suka fi yaɗuwa a duniya tun 1962. Shekara da shekaru mutane suna kai ƙara cewa tana tashi ba a taɓa kunama ba, musamman wajen buɗe makulli, kuma an yi asarar rayuka. Kamfanin ya tsaya a kan cewa ƙirarsa ba ta da aibi, laifin na rashin tsafta ne da na masu taɓa notinan kunama da kansu. Duk da haka a 2014 ya amince da sulhun da ya shafi bindigogi kimanin miliyan 7.5, inda zai canza wa masu su kunama. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, darasin bai canza ba: ko dai injiniyoyi sun yi kuskure a ɗan wurin nan, ko kuma masu gyara a gida sun yi. Har a gasar harbi akwai iyaka. A gasar bindigar soja ta Amurka ba a yarda jan kunama ya gaza kimanin kilo 2 ba, alƙalai kuma suna rataya mata nauyi su gwada kafin a fara.

To mu dawo gida. Mai karatu a Kwanar Ɗangora zai ce, mu ina muka ga Lee-Enfield da za mu canza wa kunama? Gaskiyarsa, kuma dalilin rashinta tsohon labari ne. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, suka hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, suka bar mana masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Sakamakon ya bayyana a ƙofar Bebeji a farkon Fabrairun 1903, lokacin da Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji kimanin 700, da igwa da bindigogi masu sarrafa kansu. Harsashin igwa ya fasa ƙofar gari ya kashe sarkin da ke bayanta, ran 3 ga wata kuma birnin Kano ya faɗi, Sarki Alu ba ya gari. Tun daga ranar aka raba bindiga gida biyu a ƙasar nan: mai cin harsashin ƙarfe ta hukuma ce, mai cin toka ta talaka.

Dokar makamai ta 1959, wadda aka yi wa gyare-gyare amma har yau ita ce ginshiƙi, wannan rabon ta rubuta. Ta kasa bindigogi kashi uku. Kashin farko haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa, kuma a cikinsu ta ambaci bindigogin soja masu cin .303 da 7.62 ƙarara. Na biyu su ne irin bindigar harbin tsuntsu da ta farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato adaka da danginta, waɗanda al'amarinsu ke hannun 'yan sandan jiha da gwamna. Riƙe ta kashin farko ba izini hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, gyara ta a wajen ma'ajiyar makaman hukuma ma laifi ne mai zaman kansa. Da sojojin Nijeriya suka koma bindigogi masu ɗura kansu bayan samun 'yanci, aka kuma kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna a 1964, tsofaffin ba su fito kasuwa ba kamar yadda aka yi a Amurka, domin doka ba ta buɗe musu ƙofa ba. Saboda haka duk bindigar sojan da ke hannun farar hula a dajin Falgore, tsohuwa ko sabuwa, ta ɓarauniyar hanya ta zo, kuma maganarta ba ta gyaran kunama ba ce, ta miƙa wa hukuma ce.

Abin da ke hannun mutanenmu da gaske shi ne aikin maƙeri: harba-ka-ruga, baushe, adaka, kowane yanki da sunan da ya fi so. Wannan ma tana da nata tarihin. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki, kuma jikokin wannan al'ada ne ke cika fili da hayaƙi a hawan sallah. Kudancin Kano kuwa bakin daga ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da Ningawa ke kawo hari, don haka zama da makami a gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Tudun Wada da Doguwa. Ga dawa a kusa: Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, ta ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ga Dansoshiya a Kiru, ga bakin ruwan Tiga tun da aka kammala madatsar a 1974. Inda dawa take, maharbi na nan, inda maharbi yake kuma akwai maƙerin da ya san shi.

A nan ne kwatancen da Amurka ke rushewa. Sabuwar kunamar Timney tana shiga Mauser ne saboda an ƙera miliyoyin Mauser a kan awo ɗaya. Bindigar maƙeri kuwa kowace ita kaɗai ce a duniya. An ƙera ta da ƙarfen da ya samu a ranar, aka daidaita haƙoranta da ido, ba ta da 'yar'uwar da za a ciro wa kaya. Saboda haka in maharbi ya zo ya ce, “Maigida, kunamar nan ta yi mini tauri, a ɗan rage mini,” ba canji za a yi ba, ci za a yi. Ba'amurke in sabuwar ba ta yi masa ba, tsohuwar tana cikin aljihun tebur, ya mayar. Ƙarfen da magagari ya ci kuwa ya tafi ke nan.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. A yawancin tsofaffin bindigogi, har da na soja da dama, fatar haƙorin kawai ake taurarawa, cikinsa ƙarfe ne mai laushi. In aka goge fatar nan, ranar farko jan zai yi daɗi, mai bindiga ya tafi yana sa wa maƙeri albarka. Amma daga nan kowane ɗanawa yana cin leɓen haƙorin kaɗan-kaɗan. Wata uku, wata shida, shekara, ba wanda zai iya faɗin ranar, sai kamun ya kai inda girgiza kaɗai ta ishe shi. Mai ita ba zai lura ba, don abin a hankali yake zuwa, shi dai yana jin bindigarsa tana ƙara “laushi”. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Sai a haɗa wannan da yadda ake rayuwa da bindiga a nan. Maharbinmu ba daga benci yake harbi ba. A bayan babur yake tafiya, bindiga a rataye ko a kwance kan cinya, hanya duk rami, wani lokaci su uku a kan babur ɗaya. Farautar rani ta gayya ce, mutane da yawa da karnuka, ana gudu ana kutsawa cikin ƙaya, reshe yana kama duk abin da ya samu. Mai farautar dare fitila ce ɗaure a goshinsa, ba ya ganin inda ƙafarsa ke sauka. Ɗan banga yana sintiri ne cikin duhu da faɗuwar gaba, wanda ke tahowa kuma yana iya zama ɓarawon shanu, yana iya zama maƙwabci da ya fito kewayawa. Yawancin waɗannan bindigogi ba su da makulli ko kaɗan. Kuma bindigar da ake ɗurawa ta baki ba a sauke mata ɗuri cikin sauƙi, shi ya sa da yawa sukan dawo da ita gida da cikinta, a jingine a lungun ɗaki, a gidan da yara ke shiga ko'ina. Idan aka duba da kyau, yanayin maharbin Doguwa ya fi kama da na sojan da aka yi wa kunama mai tauri fiye da na Ba'amurken da ya cire ta. Duk wanda ya zauna a karkara ya taɓa jin an ce “bindiga ce ta tashi da kanta”, a yi jana'iza, a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana a tambayi wanda ya taɓa haƙorin ƙarshe.

Hujjar masu son sassauci ita ce harbi ɗaya gare su. In ka kuskure, kafin ka sake ɗuri gada ta kai wani gari, ga albarushi da tsada, ga dare ya tafi a banza. Kuma gaskiya ne kunama mai nauyin gaske tana jan hannu ya kauce. Sai dai a tambaya, kunama ce ke hana bindigar toka samun nama? Bututunta sumul yake a ciki, ba shi da zanen da ke murza harsashi, ƙwayoyin dalma take watsawa, kuma amfaninta a kusa ne, taku kaɗan. A wannan tazara ɗan kaucewar da taurin kunama ke jawowa bai kai wanda rashin daidaiton ɗuri, ko jinkirin kamawar albarushi mai danshi, ko runtse ido don tsoron ƙara ke jawowa ba. Ribar kunama mai laushi tana fitowa ne ga mai madubi da dogon zango. Namu maharbin zai ɗauki dukan haɗarin, ribar kuwa kaɗan ce za ta iso gare shi.

Sau da yawa ma abin da ake kira tauri ba nauyin ƙira ba ne. Tsatsa ce, da ƙurar hunturu da ta haɗu da tsohon mai ta zama ƙullu, da toka mai jan danshi, ko ƙusar da kunama ke juyawa a kanta ta lanƙwashe, ko katako ya kumbura ya matse ta. Kunama mai nauyi amma mai santsi hannu yana sabawa da ita cikin 'yan kwanaki. Mai gurzawa ce ba a sabawa da ita, don yau ta tashi a nan gobe a can. Wankewa da shafa mai kaɗan suna magance wannan ba tare da an ci ƙarfe ba. Tsofaffin maƙera sun san bambancin, kuma nagarinsu yakan ƙi abin da aka roƙe shi. Matsalar ita ce mai bindiga yana da inda zai je in an ƙi masa, wurin yaron da ya koyi walda bara.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi kunama girma. Tun da satar shanu da fashi suka addabi hanyar Kano zuwa Jos ta cikin Falgore, har gwamnatin Ganduje ta tashi haiƙan a kai daga 2015, sojoji kuma suka kafa wurin atisaye a dajin, maharbi ya tashi daga mai neman nama ya zama mai tsaron gari. Hukuma tana neman sa ya nuna hanya a dawa, jama'a suna tara masa kuɗin mai. Wanda ke fuskantar mai AK-47 da harbi ɗaya dole ya so bindigarsa ta fi haka sauri, kuma daga nan ne sha'awar gyare-gyare ke tasowa: yau a sassauta kunama, gobe a mayar da ita mai cin harsashin kwali. Da an yi wannan na biyun, bindiga ta tsallaka daga kashi na uku na doka zuwa wani kashin, mai ita bai ma sani ba. Ga shi kuma a Agustan 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisin ƙananan makamai, a 2024 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar da ta ƙarfafa cibiyar ƙasa mai yaƙi da yaɗuwarsu. Ana matsawa daga sama, buƙata tana ƙaruwa daga ƙasa, maƙeri yana tsakiya.

Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025 ya nuna tsadar wannan duhu. Mafarauta ne 'yan Kano suna dawowa gida sallah daga Fatakwal, aka tare motarsu, aka ga bindigogin gargajiya, aka kashe mutum 16, da yawansu daga Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure, nan kusa da mu. Babu abin da zai wanke waɗanda suka yi kisan. Amma ya tuna mana cewa bindigar maharbi ba ta da wata shaida a jikinta da baƙo zai gani ya gane ta halal ce, ba lamba, ba hatimi, ba sunan wanda ya ƙera.

Abin mamaki, dokar 1959 ɗin nan ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Ta ba 'yan sanda ikon ba da izinin ƙera da gyara bindigogin da ake ɗurawa ta baki, da kuma riƙe rajistar masu wannan izini. A aikace dai abin da maƙeri ya fi sani shi ne hoton ɗan'uwansa a talabijin, an tsugunar da shi gaban kayan aikinsa. Wasu daga cikin waɗanda ake kamawa sun cancanta, don akwai masu ƙera wa 'yan fashi ƙananan bindigogi da masu kwaikwayon na soja. Amma in aka haɗa su da mai gyara wa Sarkin Baka adakarsa aka yi musu kuɗin goro, sai gwani mai mutunci ya janye hannunsa ya koma garma da lauje, aikin ya faɗa hannun wanda ba ya tsoron kamu kuma ba ya tsoron Allah.

Ingila ta taɓa shiga irin wannan hali. Birmingham, garin da ya ƙera ɗimbin bindigogin da aka riƙa kawo wa Afirka ta Yamma, a lokacin cike yake da ƙananan maƙera, kowa da irin aikinsa. A 1813 majalisa ta kafa gidan gwajin bindiga a garin, bisa roƙon maƙeran da kansu, inda ake gwada bututu da ɗurin da ya fi na kullum, in ya jure a buga masa hatimi. Gidan yana aiki har yau. Ba na cewa a gina irinsa a Kiru gobe. Amma kayan haɗa ƙaraminsa suna nan: akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta da na 'yan banga waɗanda suka san mutanensu ɗaya bayan ɗaya, akwai dagaci da hakimi, akwai baturen 'yan sanda a kowace ƙaramar hukuma. Abin da ake buƙata littafi ne mai sunan maƙeran da aka yarda su taɓa bindigar toka, da lamba a jikin kowace bindiga, da dubawa sau ɗaya a shekara kafin a buɗe farautar rani, lokacin da katako ya gama bushewa. A wurin dubawar, bindiga ba ɗuri, a tabbatar ba ta saki don an girgiza ta, a kuma rataya wa kunamarta nauyin da aka amince a kai kamar yadda alƙalan gasa ke yi. Wadda ta kasa a riƙe ta sai an sake mata haƙori sabo.

Wahalar ba a ma'auni take ba, dutsen awon mai sayar da nama ma zai yi. Wahalar ita ce wa zai fara rubuta sunansa. Maƙerin Bebeji ba zai shiga littafin da yake zaton gobe shi za a bi a kama shi ba, kuma alkawarin baturen 'yan sanda ɗaya ba ya ɗaure wanda zai gaje shi bayan an yi masa canjin wurin aiki. Sai in umarnin ya fito a rubuce daga kwamishinan 'yan sanda da amincewar gwamna, aka karanta shi a fadar hakimi gaban maƙera da maharba, aka fayyace musu iyaka: ta toka a gyara a rubuta, ta harsashin kwali sai mai lasisi, ta soja kuwa ko taɓawa babu.